Ba a Hura Mai Rai

Munkaila mahauci ya zuba wa ƙafarsa ido kamar ta wani ce. Yatsu biyu sun yi baƙi, sanyi ƙalau. Daga Malbaza aka turo shi asibitin Yamai, matarsa Lubabatu na riƙe da buta.

"Baba, jini ba ya sauka," in ji likita. "Sai mun ɗauki hoton jijiyoyin, mu ga inda ya toshe. Ruwan aidin muke zubawa su fito a hoto, to ƙodarka ba za ta ɗauka ba. Me kake sha?"

Lubabatu ta ce, "Jajayen ƙwayoyin nan na masu talla a tire. Kullum kafin shi tai mahauta."

Abin da mutum ya shuka shi yake girba, ko da bai san ya shuka ba.

"Su suka lalata ƙodar," in ji likita. "Amma akwai wata hanya. Za mu sa siririn tiyo ta cinya, mu tura iskar gas kaɗan, irin ta lemun kwalba. Ita za ta nuna jijiyar, ka fitar da ita ta numfashi."

Munkaila ya san hura iska. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya tsaga ƙafar rago, ya kafa baki, ya hura har fata ta rabu da nama. Ya tuna yadda ragunan suke kumbura, idanu a buɗe.

"Lokotoro, ni ka hura dabba. Kuma sai an yanka."

"Baba, ba iri ɗaya ba ne. In ka tafi, ƙafar nan za ta tafi."

"Malam, don Allah ka tsaya," in ji Lubabatu.

"Ɗauko takalmina."

* * *

A gida kowa ya yaba masa. 'Yan'uwansa mahauta suka ce ya tsallake rijiya da baya. Aka jiƙa saiwa, aka shafa toka. Baƙin ya wuce idon sawu a hankali, kamar inuwar la'asar, wari ya kori masu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wata hantsi Lubabatu ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ya sha rana. Da ta ɗaga kai sai ta ga ungulaye jere bisa katanga, ba motsi. Ta jefe su da ɓawon rake. Ko gezau.

"Bar su," in ji Munkaila, muryarsa can ƙasa. "Sun san ni. Kullum sukan jira in gama."