Darasin Luwiziyana

Tanimu yana nuna wa yara taswirar Amurka da bulala sai ya hangi goggonsa Azumi ta taga, zaune a gindin bangon aji, da ƙunshi a cinya. Daga garinsu Barmou ta zo. Ya ɗaga mata hannu ta jira.

Darasin ranar kan Luwiziyana ne, ƙasar da Faransa ta sayar wa Amurka a 1803. Ya faɗa da Faransanci sau biyu, yara suka zuba masa ido. Ya leƙa, bai ga daraktan makaranta ba, sai ya rage murya ya juya harshe.

"Ƙasa ce da ta fi Nijar girma. Faransa na neman kuɗin yaƙi, sai ta sayar da ita duka, da koguna da daji."

Da aka tashi ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma tun rasuwar tsohon ita take noma gonar gado, ita da 'ya'yanta. Gonar kuwa ta Tanimu ce. A kasuwar Lahadin da ta wuce, gaban shaidu, ya ce wa Alhaji Salisu, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya sallama masa gonar. An raba goro, an shafa fatiha. Gida yake so ya gina a Tawa kamar sauran ma'aikata. Bai aika Barmou ba tukuna.

"Mushe," in ji ta, don haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, ita kuma da shi take tsokanarsa, "ashe Hausa kuke yi a lakwal? Na ji duka. Wannan ƙasa da aka saida, babu kowa cikinta?"

"Akwai mutane, Goggo. 'Yan asalin wurin."

"An shaida musu?"

"Ba a tambaye su ba."

"Shi mai saidawar, ya taɓa taka ta da ƙafa tai?"

"Bai taɓa zuwa ba."

Ta tafa hannu tana dariya. "Kai, Nasara! Mutum na kwance ɗaki nai, a saida shi da tabarma tai. Wanga ko uwa ba ta yi mai faɗa ba."

Tanimu ya kalli allin da ya ɓata masa yatsu.

Ta kwance ƙunshin. Cuku ne da ɗan zoɓo. "Cukun daga Attaher ne, buzun nan. Duk rani bisashensa na kwana gonarka, kamar yadda ya saba da babanka. Ka ga taki kuwa? Baƙi ƙirin. Na ba shi damman hatsinsa, na ce bana sai mun ƙara rumbu. Iri na zo saye, na ce in gan ka."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kin ci abinci?"

Bayan azahar ya ɗauki buhun irin a kafaɗa ya raka ta tasha. A hanya ya shirya maganar, ya sake shiryawa. A bakin masallaci ya ce sai sun wuce jama'a. Da suka wuce jama'a ta tsaya gaisawa da wata mai fura, tana nuna shi: "Ɗan wana ne, shi ke karantar da yaran Tawa duka."

Motar Barmou ta kusa cika. Ya ɗora buhun, ya taimaka mata ta hau baya.

"In ruwan fari ya sauka ka taho," ta ce. "Ko rami guda ka shuka da hannunka, don gona ta san mai ita."

"To, Goggo."

Sai ga Alhaji Salisu da babbar riga, da igiyar awo a naɗe a hannu. Ya yi wa Tanimu murmushi.

"Mushe, za ni in ga iyaka kafin damina."

Babu sauran wuri a bencin. Azumi ta tattara zanenta ta matsa.

"Zamna nan, Alhaji. Abokin ɗana ba ya tahiya tsaye."

Direba ya tayar da mota. Tanimu ya kama ƙarfen baya, ya bi ta taku kaɗan, sannan ya saki. Kafin ƙarar inji ta rufe komai, ya ji Alhaji yana tambaya, "Baba, ke 'yar Barmou ce?"