Kafin Waya Ta Riga Shi

Da hantsi aka ciro gawar Rilwanu daga cikin ciyawar ruwa ta kacala, can bayan Guri, inda kwalekwalensa ya kife. Kafin a gama rufa masa zane dattawa suka waiwayi Shu'ibu, abokin kamun kifinsa tun suna yara, suka ce shi zai je Hadeja ya ɗauko mahaifiyar mamacin.

"Ka ce mata jikinsa ne ya yi tsanani," in ji babbansu. "Sauran sai ta iso."

Haka aka saba, kuma Shu'ibu ya ce to. Bai yi kuka ba. Ya duba zuciyarsa bai tarar da komai ba, sai sanyin jiƙaƙƙen wandonsa kawai yake ji. Abu ɗaya ya sani, dole ya riga waya isa. Ita waya ba ta da kunya, ba ta sallama, kuma ba a rasa mai ƙaiƙayin baki a bakin ruwa.

Da ya isa unguwar mahaifiyar a Hadeja, sai ya fara leƙa gidan maƙwabciya ya roƙe ta ta biyo shi, don irin wannan magana ba a barin mutum shi kaɗai da ita. Suka tarar da Inna Suwaiba a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar ciwon gwiwarta. Ana cikin haka wayarta ta fara ƙara a kan tabarma.

"Inna, don Allah kar ki ɗauka. Bari ki ji daga bakina."

Ta dube shi, ta dubi maƙwabciyar da ta zauna kusa da ita ba a ce ta zauna ba. Ta ajiye faifan.

"Ina abokin naka?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"An ce in ce miki ba shi da lafiya. Ba zan iya sa ki dama kunu ki riƙo wa wanda ba zai sha ba. Inna, Allah ya yi wa Rilwanu rasuwa yau da safe, a ruwa. An same shi, yana Guri, ke ake jira."

Ta yi salati a hankali. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ƙara, babu wanda ya kalle ta. Shu'ibu bai cika mata kunne da "a yi haƙuri" ba.

"Ya sha wuya?"

Nan ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, mai daɗi, wadda ba wanda zai kama. Ya haɗiye ta.

"Ban sani ba, Inna. Ina gaba, yana bayana. Da na waiwayo babu shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko mayafi.

"Mota na kaiwa?"

"Ruwa ya cinye hanya. Sai an ƙarasa da kwalekwale."

"Wa zai tuƙa?"

"Ni ne. In kuma kin fi son wani, a nemo."

Ta yafa mayafin, ta zura takalmi.

"Kai za ka tuƙa," ta ce. "In mun zo wurin, ka nuna mini."