Kek Ɗin Pi-hsia a Tsakar Rana

Shekara goma sha ɗaya Yen Pi-hsia tana shiga gasar kek ta matan unguwarsu a birnin Tainan, ko ta uku ba ta taɓa zuwa ba. Amma in dai maganar abin da ake shafa wa kek ce, ba a ja da ita. Iri uku ne, in ji ta. Akwai mai kauri, wanda ake buga bota da garin sukari har ya tashi ya tsaya da kansa. Akwai mai ɓawo, na sukari da farin ƙwai, da yake bushewa a yi zane da shi. Sai mai sheƙi, ruwa-ruwa, wanda kwarara shi kawai ake yi ya gangaro ta gefe. Wannan na ukun ta ce aikin ragwaye ne.

Maƙwabciyarta A-man mai madarar waken suya takan ce, "Yaya, duk ba sukari ba ne? Ciki ai bai san bambanci ba."

"Shi ya sa kika ƙare a ruwan wake," in ji Pi-hsia.

Bana gasar ta faɗo a watan Yuli. Ta yi mai kauri da mangwaro, ta zauna ta fitar da fure goma sha biyu a kansa, ta ɗaure kwalin a bayan babur. A hanya masu bikin gidan ibada suka tare titi da ganguna, ta tsaya minti arba'in a rana.

Da ta buɗe kwalin a zauren gasa, babu fure ko ɗaya. Duk sun narke sun gangaro, sanyin zauren ya kama su, kek ya fito rawaya sumul yana ɗaukar ido. Mai karɓar kaya ba ta tambaye ta ba, ta ajiye shi a teburin masu sheƙi.

Alƙalin gasar, wani matashi mai gashin kek daga babban otal, ya daɗe a kansa.

"Anti, shekara nawa kika yi kina koyon wannan kwararawar?"

"Narkewa ya yi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya yi dariya ya juya ga jama'a. "Kun ji manya. Ba sa yabon kansu."

Ta zo ta ɗaya. Aka miƙa mata tukunyar shinkafa ta lantarki, shugabar mata kuma ta roƙe ta a gaban kowa ta koyar da mai sheƙi ranar Asabar. Ido ya yi yawa, ta amsa.

Sau biyar ta gwada a gida, bai yi ba. Ranar Asabar nata ya tsinke ya taru a faranti kamar kunu. Mata goma sha huɗu da suka zo koyo suka duba, suka sunkuya, kowacce ta ƙara wa nata ruwa don ya yi irin na malama.