Mai Raunin Batir Nake Nema

Kowa a ofis ya san kwamfutar Injiniya. Turmi suke ce mata, saboda nauyi. In ya kunna ta, fankarta takan yi gurnani har na teburin kusa ya ɗaga murya a waya, batirinta kuwa kana zare caja sai ta ce ga garinku nan. Ana yi masa dariya yana taya su, don shi kaɗai ya san amfanin da take yi masa. Duk Juma'a da yamma yakan tura ta ƙarƙashin tebur, ya hau mota zuwa garin da mahaifinsa yake. In Manaja ta kira tana neman rahoto, amsar ɗaya ce: "Wallahi, ranki ya daɗe, na baro ta. Kafaɗata ba ta iya ɗaukarta." Da wannan ya tsare Asabar da Lahadinsa shekara da shekaru.

Ana nan sai tausayi ya kama Manaja, abin da bai taɓa kawowa a ransa ba. Ta ce ofis zai saya masa sabuwa, siririya marar nauyi, wadda zai riƙa tafiya da ita ko'ina. Ta ce ya je shagon da suke sayayya ya zaɓa, ita ma za ta leƙo ta gani. Injiniya ya yi godiya har da russunawa, ya nufi shagon yana neman mafita.

Mai shago mutum ne mai bakin ciniki. Yana jin abin da ake nema ya jero guda uku a kan kanta, bakinsa har kunne.

"Ɗaga wannan ka ji, yallaɓai. Yatsa biyu sun isa."

Injiniya ya ɗaga. Kamar ya ɗauki faranti. Ransa ya ɓaci.

"Abu siriri haka, ai ba wuya ya karye a jaka," ya ce, yana sa rai.

"Wa? Wannan? Jikinta ƙarfe ne. Ko zama ka yi a kanta a mota, kai za ka ji a jikinka."

"To zafi fa? Na ji an ce irinsu suna ƙona cinya."

"Sanyi ƙalau. Ko fanka ba ta da ita, shiru kamar ba a kunna ba."

Ya gwada ta biyu, ya ƙwanƙwasa madannanta da mugunta ko ɗaya zai maƙale, babu. Ya buɗe ta uku yana addu'ar ta yi jinkirin tashi, kafin ya ƙifta ido ta haska masa fuska. Duk aibin da ya laluba sai mai shago ya toshe shi da yabo, shi a ganinsa ciniki na tafiya daidai.

"Batiri kuwa," in ji mai shago, yana buga ƙirji, "tun safe har dare, kashegari ma ka ci gaba. Ko a daji kake, aiki ba zai tsaya ba."

Nan Injiniya ya ajiye kwamfutar. Ya matso, ya jingina da kanta, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, tsakanina da kai. Ba ka da wata mai kyau a ido, amma batirinta da ɗan rauni? Irin wadda in an yi nisa da soket sai ta sume."

Mai shago ya saki baki. Ya daɗe a sana'ar nan, ya sha ganin masu binciken aibi don su guje masa, amma mai nema don ya saya, yau ne farau.

"Wace iri ce kuma mai suma?"

Ba mai shago ne ya tambaya ba. Muryar daga bayan jerin jakunkuna ta fito, kuma Injiniya ya san ta ko a mafarki. Ashe Manaja ta riga shi zuwa, tana can tana duba masa jakar goyo. Ta fito riƙe da jakar, ta kafe shi da ido. Ya yi tsuru-tsuru, dogon mutum da furfura a gemu, kamar an kama shi da hannu a tukunya.

"Ina kake zuwa duk Asabar?" ta ce.

Ya nemi ƙarya, ya ga duk sun ƙare masa.

"Wajen Baba, ranki ya daɗe. Tsufa ya taɓa shi, wani lokaci sai na wuni a gabansa kafin ya gane ni. Sau ɗaya na taɓa buɗe kwamfuta a ɗakinsa. Ya zaci wani ma'aikaci ne ya zo, ya miƙe da ƙyar ya gaishe ni, ya ce in yi haƙuri, ɗansa bai iso ba."

Mai shago ya hau goge kantar da ba ta da ƙura.

Manaja ta ɗauki wadda ta fi duka sirantaka, ta juya ta gaba da baya, ta zura a jakar, ta miƙa masa.

"Wannan za ka ɗauka. Tafiyar aiki da ita za ka yi, kada in sake jin zancen kafaɗa." Ta zare cajar daga kwali ta jefa a jakar hannunta. "Wannan kuma a aljihun teburina za ta riƙa kwana, daga Juma'a sai Litinin."

"Ranki ya daɗe," in ji mai shago, don bai iya jin an raina kayansa ya yi shiru ba, "ai ko babu caja batirin zai kai shi Lahadi."

"Ba zai kai ba. Aikin da zan zuba masa ran Juma'a, kafin a tashi zai shanye batirin tas."

Injiniya ya rungume jakar a ƙirjinsa. Tun da ya fara aiki ba a taɓa yi masa barazanar da ta yi masa daɗi haka ba.

"Ka gaida Baba," ta ce, ta yi gaba. "In ya gane ka, ka ce masa ɗansa maƙaryaci ne."