Kafaɗu Goma Sha Biyu

Sinnappan ya sake ƙirga su daga farko, yana nuna kowane da sandarsa. Bakwai ne. Na bakwan ma Mariadas ne, ƙanin marigayiya matarsa, wanda likita ya hana shi ɗaga ko da tukunyar gas.

"Ƙirga mu sau ɗari, Yaya," in ji Mariadas. "Ba haihuwa za mu yi a nan ba."

Suna tsaye ne a rumfar bayan coci, inda karagar Waliyyi Sebastiyan take zama shekara guda kafin a fito da ita ranar idinsa. Katako ne mai nauyi, da mutum-mutumin waliyyin a bisa, a kan dogayen sanduna biyu, kowace sanda mutum shida. Tun zamanin kakanni mutum goma sha biyu ke ɗaukarta a zaga unguwa, ba takalmi, kuma kowane gurbi gado ne daga uba zuwa ɗa. Bara da ƙyar aka cika. Bana ɗaya ya rasu, an yi wa ɗaya aikin gwiwa, biyu sun bi 'ya'yansu zuwa jihar Johor can kudu, Felix ɗan Sinnappan kuma yana Ostareliya.

Fada Liew, limamin cocin, ya shigo rumfar da waya a hannu. Shekararsa biyu a wannan coci, kuma mutum ne da ba ya kewaye-kewaye.

"Kawu, na yi magana da mai a-kori-kura. Ƙarfe huɗu zai iso."

"Fada, mota ba ta rusunawa."

"Na sani. Amma ba zan sa dattawa bakwai a ƙarƙashin wannan katako ba. Ka kawo mini goma sha biyu kafin huɗu, a ɗauka a kafaɗa. In babu, mota."

Rusunawar ita ce dalilin zagayen duka. Hanyar tana bi ta inda ƙofar garejin jirgin ƙasa take a da. A nan ne, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Japan suka loda mazan unguwar aka tafi da su aikin shimfiɗa layin dogo a iyakar ƙasar Siyam da Burma. Goma sha tara daga wannan coci ba su dawo ba. Mahaifin Sinnappan na cikinsu. Shi kansa a lokacin wata huɗu yake a ciki. Kowace shekara idan an iso wurin, mai ƙararrawa zai kaɗa, masu ɗauka su lanƙwasa gwiwa har karagar ta sunkuya, a kira sunayen nan sha tara, kuma ba a miƙewa sai an ji ƙararrawa ta biyu. Shekara talatin ke nan ƙararrawar tana hannun Sinnappan. Wurin yanzu mashigar ajiye motoci ce ta wani bene mai hawa arba'in.

Sinnappan ya ƙare safiyar a kan waya. Ya kira jikokin masu gurbi, ya kira surukai, har ya kira wani da suka yi shekara shida ba sa magana. Wani yana aikin Lahadi, wani bayansa na ciwo, wani ya ce zai zo da yara su kalla.

"Ka tsallake mutum ɗari huɗu kana neman biyar," in ji Mariadas, yana ɓare gyaɗa. "Ƙarfe biyu za su cika maka cocin nan har bakin titi."

"'Yan Burma?"

"A'a, mala'iku."

A Kuala Lumpur kowa cocinsa ya gina. Turawa da jikokin Fotugis suka yi nasu a kan tudu, Sinawa suka yi nasu kusa da kasuwa, su kuma leburorin Tamil 'yan asalin Indiya, kakannin su Sinnappan, da suka gaji da zama a ƙasa a bayan cocin tudu, suka riƙa ɗebo tubali bayan an tashi daga gareji har suka ɗaga wannan. Yanzu 'yan Filifin ne ke cika cocin tudu, 'yan Biyetnam sun samu sa'a guda a na Sinawa, nan kuma 'yan Burma. Jikokin masu tubalin sun koma sababbin unguwanni inda coci ke da na'urar sanyi.

Shekara huɗu da suka wuce Sinnappan ne ya tashi a taron kwamiti ya yi magana a kan silifas da 'yan Burma ke zubewa a ƙofar coci, da jan yawun ganyen da suke taunawa. Shi ya kawo shawarar a ɗauke sujadarsu daga sha ɗaya a mayar da ita ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwano ya fi zafi. Aka amince. A makon jiya Felix ya yi masa ƙorafi a waya cewa a can sau ɗaya a wata ake ba Tamil coci, shi ma ƙarfe uku, kuma an liƙa takarda a kan warin abincinsu. Sinnappan ya ce masa ya yi haƙuri, ya sauya magana.

Ƙarfe biyu da rabi ya tsallaka silifas ɗin da sandarsa, ya tsaya a baya jikin bango. Bai taɓa shiga sujadarsu ba. Babu wurin zama, mata da goyo sun cika har matakala. Da aka zo addu'ar jama'a bai ga mai karanta takarda ba kamar yadda Tamil ke yi. Kowa daga inda yake sai ya ɗaga murya ya faɗi abin da ke damunsa, jama'a su amsa, wani ya ɗauka. Ya duba agogo sau biyu kafin su gama.

Katikis ɗinsu, wato mai koya musu addini, Kham Suan, ɗan ƙabilar Chin ta Burma ne mai kimanin shekara arba'in, gajere, mai faɗin ƙirji. Dako yake yi a babbar kasuwar kayan miya. Da ya ga wanda ke jiransa a ƙofa, sai ya dubi ƙasa. Da Malayanci suka yi magana, harshen da ba na kowa ba ne a cikinsu.

"Kawu, takalman ne? Mun sa mutum yana jera su, yau ne bai zo ba."

"Ba takalma ba ne. Mutum biyar nake nema. Masu kafaɗa."

Ya yi bayani a taƙaice. Kham Suan ya saurara har ƙarshe.

"'Yan sanda nawa ke raka ku?"

"Biyu a gaba, ɗaya a baya. Hanya kawai suke buɗewa."

"Kawu, shekarata tara a cocin nan. Ka taɓa ganin ɗayanmu a zagaye?"

"Na ɗauka waliyyinmu ne bai dame ku ba."

"Ta cikin shinge muke kallo. Rabinmu katin 'yan gudun hijira ne kawai da su. Sauran ko shi babu. Mu bi titi da rana tsaka, ɗan sanda gaba ɗan sanda baya?" Ya ɗan yi murmushi. "Me ya hana ku sa shi a mota? Ai waliyyi ba zai ƙi ba."

"Akwai inda ake tsayawa a rusuna," in ji Sinnappan. "A nan muke kiran sunayen waɗanda suka fita aiki ba su dawo ba. Ubana na ciki. Ban taɓa ganinsa ba."

Kham Suan ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya nufi mazan da ke neman takalmansu, ya yi musu magana da harshensu. Wasu suka girgiza kai suka wuce. Wani ya nuna matarsa da yaransa, ya ɗaga hannu alamar a yafe masa. Daga ƙarshe huɗu suka biyo shi. Ɗaya daga ciki, siriri mai tabo a haɓa, ya faɗi wani abu, sauran suka yi dariya.

"Me ya ce?"

"Ya ce ɗan sanda ba zai kama mutum da waliyyi a kafaɗa ba. Sai dai ya jira ya sauke."

A bangon rumfa akwai wani jan layi da aka ja tun kafin a haifi Sinnappan. Duk mai ɗauka sai kafaɗarsa ta kai nan, don kada nauyi ya taru a kan wasu. Su biyar suka jeru. Babu wanda ya kai. Mafi tsayinsu saura yatsa uku.

"Madalla," in ji Mariadas. "Ka samo mana masu tafiya a inuwa, mu muna ɗauka."

"Kai da likita ya hana? Rufe mana baki."

Kham Suan ya auna ratar da hannunsa, ya tambaya ko akwai buhunan shinkafa a ɗakin girki. Aka kawo. Ya ninka kowane buhu gida shida, ya naɗe shi da tawul, ya ɗaure a kafaɗar mutum da igiya ta ƙarƙashin hamata, kamar yadda suke yi a kasuwa. Sannan ya sauya jerin: ya sa mutanensa biyu-biyu a tsakiyar kowace sanda inda nauyi ya fi sauka, shi ya tsaya a bayan Mariadas.

"Wannan gurbin Felix ne," Sinnappan ya ce.

"In koma wani?"

"Tsaya a nan."

Aka gwada. Karagar ta tashi, ta ɗan karkata hagu, ta daidaita.

"Sai a gaya musu ba a sa takalmi," in ji wani dattijo.

Mariadas ya dubi ƙafafuwan mutanen biyar. "Waɗannan? Sa shi ne sai an roƙe su."

Ƙarfe huɗu a-kori-kura ta iso. Fada Liew ya shigo rumfa, ya ƙirga da ido, ya dubi buhunan, ya dubi Sinnappan.

"Sun san akwai 'yan sanda?"

"Su suka fara tambaya."

Fada ya gyaɗa kai. "To ni zan tsaya kusa da su." Ya fita ya ce tsofaffin matan da ba sa iya tafiya su hau motar.

Ƙarfe biyar aka fito. Kwalta na da sauran zafi. Masu ganga a gaba, sai gicciye, sai Sinnappan da farin zane da ƙararrawa, sai karagar, an lulluɓe waliyyin da furanni har kibiyoyin da aka sassaƙa soke a jikinsa ba sa ganuwa. A bakin ƙofa ɗan sandan da ke kan babur ya juyo ya bi masu ɗaukar da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mai tabo a haɓa ya sunkuyar da kai cikin furen da ke rataye. Ɗan sandan ya gyara hularsa ya tayar da babur.

Suka wuce shagunan gwal, suka wuce wurin ibadar Hindu inda, kamar kowace shekara, aka fito musu da ruwan sanyi. Sinnappan yana jin numfashin Mariadas a bayansa. A kwana ta uku benen ya bayyana, da sandar tare motoci mai ja da fari, da mai gadi a cikin akwatinsa yana kallon waya.

Sinnappan ya tsaya daidai kan murfin magudanar da yake gane wurin da shi. Ganguna suka yi shiru. Ya kaɗa.

Gwiwoyi ashirin da huɗu suka lanƙwashe. Waliyyin ya sunkuya wajen sandar tare motoci.

Sinnappan ya fara kira, ba takarda. Antonisami. Pakiam ɗan Rayappan. Susai babba. Susai ƙarami. Bayan kowane suna jama'a na amsawa. Ya bi su a jere yadda ya karɓa daga wanda ya riƙe ƙararrawar kafin shi, har ya zo na ƙarshe, sunan mahaifinsa, wanda kullum yake ajiyewa.

"Arokiam."

Aka amsa. Ya ɗaga ƙararrawa.

"Thang Do Pau," wata murya ta ce daga ƙarƙashin sandar dama.

Kham Suan ne. Idonsa a rufe, jijiyar wuyansa ta tashi. Mutanensa huɗu suka amsa da harshensu. Kafin Sinnappan ya motsa, mai tabo a haɓa ya faɗi wani suna, sannan wani. Babu wanda ya gaya musu cewa sunayen a ƙirge suke. An ce musu a nan ake kiran waɗanda suka fita aiki ba su dawo ba, kuma su haka suke addu'a.

"Yaya, kaɗa!" Mariadas ya ce ta cikin haƙora. "Gwiwata za ta fashe!"

Wata mota da ke son fita daga benen ta danna hon. Fada Liew ya dubi Sinnappan. Daga can baya, bayan a-kori-kurar tsofaffi, muryar mace ta tashi da wani suna, wata ta bi ta. Sinnappan ya juya. Bai san lokacin da 'yan Burman suka fito daga shinge ba. Sun kai talatin, da goyonsu, silifas a hannu, ɗan sandan baya na tsaye a gefensu.

"Yaya, sha tara ne fa!"

"Na sani," in ji Sinnappan. "Riƙe."

Ya sa yatsa cikin ƙararrawar ya danne harshenta don kada ta kaɗu. Kham Suan ya matso da kafaɗarsa gaba kaɗan, ya karɓi rabon Mariadas a kan nasa. Sunayen suka ci gaba, suna raguwa, har wata tsohuwa ta faɗi ɗaya aka amsa, ba wanda ya ƙara.

Sinnappan ya jira ko da saura. Ya gwada maimaita sunan ƙarshen a bakinsa, bai fito daidai ba. Ya sake gwadawa, sannan ya cire yatsansa.