Bulon da ke Tsakanin Keji Biyu

Yayana ba ya shiga ɗaki ya bar shi yadda ya same shi. Manaja muke ce masa, don ya taɓa riƙe wani shagon kujeru na wata bakwai kafin shagon ya rufe, kuma har yau da tef ɗin awo yake yawo a aljihu. Sau ɗaya a wata yake zuwa duba Baba. Minti biyar na gaisuwa ne, sauran lokacin na gyara mana zama ne, mu da muke kwana muke tashi a gidan.

Tun da Mama ta rasu, abu ɗaya ne ke tayar da Baba daga gado: Auduga, farar zomanyar da Mama ta bari. Ƙarfe bakwai zai sauko, ya yanka mata ganye, ya canza mata ruwa, ya zauna yana ba ta labarin ciwon gwiwarsa. In ta ci, shi ma ya ci. Ni da nake ba shi magani na san wannan lissafin sarai, kuma ina jin tsoronsa.

Da Auduga ta fara zama a lungu tana tsigar gashinta, likitar dabbobi ta ce kaɗaici ne, a samo mata abokin zama. Na samo wani namiji ruwan toka, aka yi masa fiɗiya, ya warke, Baba ya sa masa suna Baƙo. Likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla.

"Kar ki ga fuskarsu ki ɗauka salihai ne," in ji ta. "Zomo ba ya son baƙo a wurinsa. Keji biyu za ki yi, gefe da gefe, su ga juna, su ji warin juna, amma ki bar tazarar da baki ba zai kai ba, don ta cikin raga ma suna cizo. Kullum ki musanya musu ciyawar kwanciya. Bayan sati biyu sai ki haɗa su minti kaɗan a inda babu wanda ya sani a cikinsu, kina tsaye a kansu."

Haka na yi. Na jera kejin a baranda, na sa bulo ɗaya a tsakani don kada su matsu ko da an ture su. Na ware banɗakin baƙi domin ranar haɗuwa. Baba ya ɗauki aikin musanya ciyawa kamar an ba shi ofis. Kwana tara ana haka, har Auduga ta fara kwanciya a ɓangaren da ke kusa da Baƙo, ta miƙe ƙafafu. Ranar Baba ya nemi ƙarin abinci.

Rana ta goma Manaja ya zo. Ina shirin fita aiki na same shi a baranda, hannu a ƙugu.

"Wannan wane irin shirme ne? Keji biyu, ga bulo a tsakiya kamar ana rabon gado?"

"Yaya, likita ce ta ce. Don Allah kar ka taɓa bulon nan. Cizon juna za su yi."

"Zomo? Cizo?" Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Ke komai aka faɗa miki sai ki hau kai ki zauna. Ni na yi kiwon tantabaru, na san dabba."

Tantabarun nan guda huɗu ne, kuma a sati ɗaya suka gudu suka bar shi. Ban tuna masa ba. Na sake roƙonsa, ya ce in tafi aikina, shi ba yaro ba ne.

Abin da ya faru bayan fitata, shi da bakinsa ya faɗa, yana ganin ya yi abin kirki. Ya auna barandar, ya gano ana asarar wuri har tsawon tafin hannu. Ƙofar falo kuma tana rufe kanta, tana hana iska shiga. Sai ya zare bulon ya tokare ƙofa da shi, ya tura kejin suka manne, ya ɗauki hoto ya tura wa dangi, ya rubuta cewa ya sasanta zomayen Baba. Sannan ya kwanta a doguwar kujera. Baba yana barcin hantsi.

Auduga ta saba kai hancinta jikin raga tana shinshina, don kwana tara babu abin da ya same ta a wurin. Ta kai. Baƙo ya kama leɓenta na sama ya tsaga shi har hanci.

Da na dawo na tarar da jini a ciyawa, Baba a durƙushe da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, yana riƙe da ita a tawul. Manaja yana tsaye a kansa yana ba da shawara.

"Ɗan ƙwarzane ne. A sa mata gishiri."

Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a lokacin ba, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Likita ta ɗinke wurin, ta ce abin tsoron ba raunin ba ne, cin abinci ne, don zomo in ya daina ci cikinsa tsayawa yake yi. Kwana biyu muna ɗura mata abinci da sirinji, ni da Baba, ɗigo-ɗigo, yana lallashinta da irin muryar da yake yi wa Mama a asibiti. Safiya ta uku ya sauko ƙarfe bakwai da ganyensa a hannu, ya same ta a miƙe, babu rai. Ya ajiye ganyen a bakin kejin, ya koma ɗaki. Washegari bakwai ta yi, takwas ta yi, bai fito ba. Shayin da na kai masa ya huce a inda na ajiye shi.

Ran Asabar sai ga Manaja da kwali mai huji-huji, yana fara'a.

"Baba, ga wata na samo. Fara ce tas, ba za ka ma bambanta su ba."

Ya nufi ɗakin kai tsaye. Baba ya ɗaga hannu daga kan gado, Manaja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Auta," Baba ya ce mini, "ɗauko mini bulon nan."

Na ɗauko. Ya sauko da ƙyar, ya ƙi in taimaka masa, ya ja bulon da ƙafa har tsakiyar ƙofar, tsakaninsa da ɗansa.

"Daga nan za ka riƙa gaishe ni."

"Haba Baba, a kan zomo? Har yaushe?"

"Su zomayen, likita ta ce sati biyu," in ji Baba. "Kai ban tambaye ta ba."

Ya koma ya kwanta, ya juya fuskarsa bango.