Hannun da Ya Ƙi Warkewa

Shekara arba'in da ɗaya Bang Deok-su ya yi da matarsa Myeong-ja, kuma a duk tsawon shekarun nan ba abin da ke kai shi kicin sai shan ruwa. Tuƙin bas ya yi a garin Chuncheon har ya yi ritaya, ya dawo zaman gida da karatun jarida. Ana nan, a tsakiyar sanyin Janairu, Myeong-ja ta zame kan ƙanƙara a bakin kasuwa, ta dafa ƙasa da hannun dama, ƙashi ya tsage. Likita ya naɗe hannun da filasta, ya ce sati shida ko cokali kada ta ɗaga da shi.

'Yarsu Seon-hwa ta zo daga Incheon ta cika musu firji da abinci, ta koma bakin aikinta. Da abincin ya ƙare, Deok-su ya koma sayo taliyar nan da ake zuba wa ruwan zafi. Rana ta uku Myeong-ja ta ture kwanon gefe.

"Baban Seon-hwa, in na ƙara cin taliyar nan, hannun hagun ma karyewa zai yi don takaici."

"To me kike so?"

"Omuraisu. Soyayyiyar shinkafa ce kawai a lulluɓe da ƙwai, minti goma an gama. 'Yan firamare ma suna yi, balle kai da ka ciyar da sojoji ɗari biyu."

Deok-su ya yi gyaran murya. Labarin yadda ya yi wa sojoji girki lokacin da yake aikin soja, babu biki ko taron dangin da bai ba da shi ba.

"Girkin bariki daban ne," in ji shi. "Can da shebur muke juya shinkafa."

"To ɗauko shebur ɗin."

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin, hannu rataye a wuya. Shi kuwa ya ɗaura rigar girkinta mai furanni, igiyar ta ƙi zagaye tumbinsa, ya bar ta tana reto. Sai da ya buɗe durowa huɗu kafin ya sami wuƙa, ita kuma tana kallonsa ba ta ce masa ga ta nan ba.

Ya fara da albasa. Myeong-ja ta leƙo.

"Albasa kake yankawa ko itace kake faskarawa? Ƙanana, yadda za su ɓace cikin shinkafa."

Ya sake bi ta kai, idonsa na zubar da ruwa.

"Ranar aurenmu ba ka yi hawaye ba," ta ce. "Ranar da aka haifi Seon-hwa ma haka. Ashe albasa kake jira."

"Maman Seon-hwa, mai girki ba ya son surutu."

Ya yanka karas da guntun naman kaza, sannan ya nufi tukunya zai ɗora sabuwar shinkafa. Ta ce ya ɗauko ta jiya da ke firji, don sabuwa caɓewa take a kasko, wadda ta kwana ita ke warwarewa. Ya zuba mai, ya soya albasa da karas da nama, ya juye shinkafar, ya matsa jan tumatir na kwalba har ta ce ya isa, ya ɗiga ruwan waken soya. Ƙamshi ya tashi, irin wanda ya saba ji daga falo. Ya ji kansa ya ɗan yi girma, har ya girgiza kaskon da hannu ɗaya kamar masu girkin talabijin. Shinkafa cikin cokali biyu ta sauka a ƙasa. Ya sa ƙafa ya ture ta ƙarƙashin kabad.

"Hannuna ne ya karye, tsoho, ba idona ba."

Ƙwai ne ya tona masa asiri. Ya fasa biyu ya kaɗa, ya zuba a kasko wuta na ci bal-bal. Kafin ya waiwayo ƙasan ya ƙone, da ya sa cokali zai ɗaga sai ya yage gida uku. Ya tsaya yana kallon kaskon, hayaƙi na tashi. Can ya kashe wutar.

"Dankali na fere," ya ce, bai juyo ba. "A bariki. Fere dankali da wankin tukwane, shi ne aikina har na fito. Ban taɓa dafa komai ba."

"Na sani. Abokinka Chun-bae ya gaya mini tun kafin bikinmu."

Ya juyo da sauri. "Kika bar ni ina ta faɗa a gaban mutane?"

"Da hamsin ka fara. Duk shekara sojojin ƙaruwa suke, ni kuma ina so in ga inda za su tsaya."

Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Ya goge kaskon, ya fasa wasu ƙwai biyun, ya sake kunna wuta. Wannan karon Myeong-ja ta taso, ta rage wuta da kanta, ta ɗora hannun hagu a kan nasa bisa mariƙin kaskon, suka karkata shi a hankali har ƙwan ya baje ya yi faɗi. Tun samansa da sauran danshi ta ce ya zuba shinkafar a tsakiya, ya naɗo gefe da gefe, ya kifa a faranti. Ya kifa. Ya fito rawaya, dogo, sai dai gefe ɗaya ya ɓalle, shinkafa ta leƙo.

"Ya yage," in ji shi.

"Zuba tumatir a wurin."

"Ai ha'inci ne."

"Kai me kake tsammani nake rufewa da shi duk shekarun nan?"

Suka zauna da faranti ɗaya da cokali biyu. Ta ce gishiri ya yi yawa, karas bai nuna ba, kuma ta cinye fiye da rabi.

Daga ranar kicin ya koma hannunsa. A sati na biyu ya daina ƙona ƙwai. A na huɗu ya fara yanka kimchi, tsimammen kabeji mai yaji, a cikin shinkafar ba tare da ya nemi izini ba, ya kuma sauya wa wuƙa mazauni, abin da ya jawo gardamar kwana biyu. Shi da yake rasa abin yi da yininsa, sai ga shi tun da hantsi yana tunanin abin da za a ci da rana.

Da sati shida suka cika, suka koma asibiti aka cire filastar. Deok-su na zaune a benci a waje riƙe da rigar sanyinta, ƙofar ofishin ba ta rufu duka ba. Ya ji likita da kunnensa yana cewa ƙashi ya haɗe sarai, daga yau ta koma aikinta, a dai bi a hankali.

Myeong-ja ta fito tana tallafe da hannun a ƙirji, fuska a marairaice.

"Ya ce sai na ƙara sati biyu. Ko wuƙa kada in taɓa."

"Biyu ya ce?"

"Ko uku. Ban ji shi sosai ba."

Deok-su ya gyaɗa kai, ya taimaka mata ta sa rigar, ya bi da hannun a hankali ta cikin hannun rigar kamar zai fashe. A hanyar gida ya tsaya kanti ya sayi kiret ɗin ƙwai mai talatin. Da ya fito ya tarar da ita tsaye tana danna waya da hannun dama, jakarta mai nauyi rataye a wuyan hannun. Suka haɗa ido. Ta mayar da jakar hagu ba tare da gaggawa ba.

"Miƙo jakar nan," ya ce, "kada ki fama ciwo."

Ta miƙa masa. Suka kama hanya yana ɗauke da ƙwai da jaka, ita tana bayansa tana faɗa masa cewa yau ya yanka albasar ƙanana fiye da jiya.